Ko Kafur, Tina da Baƙin Mai Suna Rage Wa Mota Shan Fetur?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direba ne a ƙasar Gumel, ina jan Golf, ina ɗaukar 'yan kasuwa zuwa Maigatari ranar Alhamis da Gujungu ranar Lahadi. Da rani kuma ina da 'yar fadama da injin ban ruwa. Tsadar mai ta ishe mu. A tasharmu wasu suna jefa ƙwayoyin kafur a tanki, wasu suna zuba tina ta masu fenti, wani kuma ya ce in riƙa ɗiga baƙin mai a cikin fetur. Duk sun rantse mai ya fi yi musu auki. Gaskiya ne? In gaskiya ne, wanne ya fi, kuma nawa ake sawa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema.

A'a, ba gaskiya ba ne. Babu ko ɗaya cikin ukun nan da zai ƙara maka tafiya a kan lita, kuma kowannensu yana iya kai ka gareji. Amma ban ce abokan aikinka ƙarya suke yi ba. Da yawansu abin da suka gani suke faɗa, sai dai ba abin da suka zuba ne ya jawo shi ba. Kuma ban ga laifin wanda ya nemi dabara ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Kuɗin mota bai iya bin ta da wannan gudun ba, domin fasinjan ƙauye shi ma ba shi da shi. Direba ne a tsakiya, shi ke shan matsa ta ko'ina.

Duk waɗannan dabarun a kan zance ɗaya suka tsaya: wai inji ba ya ƙone man da aka ba shi duka, kaso mai yawa yana fita ta salansa a banza, saboda haka in an samu abin da zai taimaka masa ya ƙone sauran, an ci riba. To wannan zancen ne ba daidai ba. Inji mai lafiya, wanda ya ɗau zafinsa, yana ƙone sama da kashi 95 cikin 100 na man da ya shiga cikinsa, motar injekta ma, wadda nozul ke fesa wa mai maimakon kafireta, ta kan kusanci 99. Babu wani ragowa mai yawa da za a ceto. Asarar tana wani wuri dabam. Cikin ƙarfin da ke cikin kowace lita, kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku ne kawai ke zama aikin juya inji. Sauran duk zafi ne: wajen kashi ɗaya cikin uku yana bin hayaƙi ya fita ta salansa, wani kamarsa kuma ruwan lagireto ya kwashe, fanka ta watsar da shi. In ka isa Maigatari ka buɗe bonet, wannan hucin da ya bugi fuskarka man da ka saya ne, ya ƙone sarai, amma bai tura mota ba. Yawan wannan asarar ƙirar injin ce ke yanke shi tun daga masana'anta: yadda fistin ke matse iska da mai, girman silinda, lokacin buɗewar bawul. Ba abin da za ka zuba ta bakin tanki ya canza ƙira.

Sannan ka duba yawan abin da ake zubawa. Tankin Golf 3 yana cin lita 55. Lita 50 ta fetur tana da nauyin wajen kilo 37. Ƙwayar kafur biyar ba su wuce giram 20 ba, wato kusan kashi ɗaya cikin dubu biyu na abin da ke tankin. Ko da ƙarfin kafur ya ninka na fetur sau biyu, alhali bai ninka ba, ƙarin ba zai kai rabin kwalbar lemo ba. Kamar mutum ne ya ƙara barbaɗa gishiri a tukunyar tuwo yana jiran malmala ta ƙaru.

Maganar kafur tana da asali, shi ya sa ta ƙi mutuwa. A shekarun 1920 zuwa 1940 fetur ɗin da ake sayarwa a Turai da Amurka mai rauni ne ta fuskar abin da ake kira okten. Mutane da yawa suna ɗauka okten shi ne ƙarfin mai. Ba haka ba ne. Okten shi ne juriyar mai: yadda zai haƙura da matsi da zafi ba tare da ya fashe da kansa ba kafin wutar fulogi ta gama cinye shi a tsanake. In ya fashe da kansa, shi ne ka ji inji yana ƙas-ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman in ka taka totur a babbar giya da lodi. Fetur ɗin wancan zamanin oktensa tsakanin 40 ne zuwa 60 da wani abu. Kafur na lokacin kuwa sinadarin naftalin ne zalla, wanda oktensa ya kai wajen 90, saboda haka in an narka shi da yawa yana ɗan ɗaga raunannen mai. Fetur ɗin da kake saya yau a gidan mai shi kansa wajen 90 yake. Ka ƙara 90 a kan 90, ba abin da ya motsa. Kuma ko da ya ɗaga, injin da ba ya ƙwanƙwasa ba ya cin ribar ƙarin okten ko kaɗan.

Illarsa kuwa tana nan. Naftalin daskararren abu ne, sai zafi ya kai wajen digiri 80 yake narkewa da kansa. A cikin fetur yana narkewa a hankali, amma duk inda fetur ya bushe ya bar shi sai ya sake daskarewa. In aka kawo mana injin ban ruwa ko babur da aka saba jefa wa kafur, da ka kwance kofin kafireta za ka ga wani farin ɓurɓushi mai ƙyalli ya kama bakin jet, ramin da bai fi tsinin allura ba ya ragu ya koma rabi. Ka ciro fulogi ka gan shi baƙi ƙirin da kunkunniya mai laushi, ka shafa ta biyo yatsa, domin naftalin da hayaƙi yake ƙonewa. A motar injekta irin taka, ragar famfon mai da ke cikin tanki ce ke fara toshewa, sai bakin nozul. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Kafur da yawa na kasuwa yanzu ba naftalin ba ne, wani sinadari ne mai kulorin a cikinsa, kuma da ido ba za ka bambance su ba. Shi wannan in ya ƙone a inji, ruwan asid yake haifarwa. Asid ɗin yana cin bawul da salansa, wani kuma ya sulale ta gefen ringi ya shiga baƙin mai, ya riƙa cin metal, wato gammon ƙarfen da sandar inji ke juyawa a kai, a hankali. Ba a rana ɗaya ake ganin wannan ba, shi ya sa in injin ya buga bayan watanni ba wanda ke tuna kafur.

Mai lura zai iya cewa: ai an taɓa samun sinadarin da ɗan kaɗan ɗinsa ya canza fetur. Haka ne. A 1921 wani injiniya mai suna Thomas Midgley a kamfanin General Motors ya gano cewa ƙasa da giram ɗaya na wani haɗin dalma a cikin lita yana hana ƙwanƙwasa. Amma bai ƙara wa lita ƙarfi ba. Abin da ya yi shi ne ya ba masu ƙera mota damar ƙera sababbin injuna masu matsi sosai, kuma waɗannan sababbin injunan ne suka rage shan mai. Tsohuwar motar da ba ta ƙwanƙwasa ba ta ga komai ba. Kuɗin da duniya ta biya kuwa gubar dalma ce a jinin yara na shekaru da dama. Najeriya ta daina sa ta a farkon shekarun 2000, ƙasa ta ƙarshe kuma, Aljeriya, sai a 2021.

Tina kuwa, labarinta daga intanet ya zo. Asalin abin da ake tallatawa sinadarin asiton ne, irin wanda ake goge jan farce da shi, wai cokali huɗu zuwa shida a tanki yana sa fetur ya fi tarwatsewa ya zama feshi mai laushi. Nozul ɗin motarka ya riga ya yi wannan aikin da matsin famfo, zafin injin kuma ya ƙarasa mayar da man tururi kafin fulogi ya ba da wuta. Litar asiton kuma ba ta kai kashi uku cikin huɗu na ƙarfin litar fetur ba, ga ta ta fi shi tsada. Wato ka sayi abu mai tsada mai rauni ka sirka mai arha mai ƙarfi. Wannan ma in asiton ne zalla. Tinar da ake aunawa a kwalba a shagon fenti haɗe-haɗe ce, mai sayarwar kansa bai san abin da ke ciki ba, kuma aikinta shi ne narka fenti da roba. Hanyar mai a motarka cike take da roba: tiyo, zoben da ke riƙe da nozul, fatar da ke cikin na'urar daidaita matsin mai. A babur da injin ban ruwa har kan allurar da ke tsayar da mai a kafireta roba ce. In ta kumbura ko ta tsage, mai ya riƙa ambaliya ko yoyo, kai da ka fito neman ragi sai ka koma kana zubar da shi a ƙasa, kusa da salansa mai zafi. Idan kana tuna watan Fabrairun 2022, an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam wanda sinadarin metanol ya yi masa yawa, motoci suka lalace a Legas da Abuja, aka janye shi daga kasuwa, layin mai ya dawo ƙasar nan na makonni. Metanol yana cikin abubuwan da akan samu a tina mai arha.

Shawarar baƙin mai ita ma ta samo asali ne daga wani wuri na gaskiya, aka ɗauke ta aka kai inda ba nata ba. Tsofaffin baburan Suzuki da Yamaha masu hayaƙi, da ƙaramin janareta Tiger, ba su da wurin zaman baƙin mai a ƙasan inji, dole a haɗa musu shi da fetur don ya shafe fistin. A wannan janaretan kashi ɗaya ne cikin hamsin, wato mililita 20 a lita, kuma akwai man da aka yi musamman don haka. Ba don ragin shan mai ake yi ba, don kada injin ya kama ne. Golf ɗinka da babur Boxer da injin ban ruwa suna da nasu baƙin man a kwance, yana zagayawa. In ka ƙara wani ta tanki, okten ya ragu, fulogi ya jiƙe, kan fistin ya tara gawayi, na'urar da ke shinshinar hayaƙi a salansa ta rufe da datti ta daina aiki. Kalanzir da gas, wato dizal, da wasu ke sirkawa sun fi haka illa: oktensu ƙasa yake ƙwarai, ba sa ƙonewa duka a injin fetur, ragowar ta wanke man da ke jikin silinda ta gangara ta tsinka baƙin mai. Yanzu ma kalanzir ya fi fetur tsada, ba ko ribar da za a ce an bi.

Za ka kuma haɗu da masu tallar mayen ƙarfe da ake ɗaurawa a tiyon mai, da kwalbar ruwa mai wayoyi wai mota za ta yi tafiya da ruwa. Mayen ƙarfe ba ya yi wa fetur komai. Kwalbar ruwan kuwa da wutar altaneta take raba ruwa ya zama iska mai kamawa, altaneta kuma inji ke juya ta da fetur, kuma abin da ake kashewa wajen rabawar ya fi abin da ake samu in iskar ta ƙone. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada sama da kayayyaki 100 irin waɗannan, na zubawa da na ɗaurawa, tun daga shekarun 1970, ba ta samu ko ɗaya da ya rage shan mai ragi na a zo a gani ba, wasu ma ɓarna suka yi.

To me abokanka suka gani? Abu na farko ƙafarsu. Ranar da mutum ya jefa kafur, hankalinsa yana kan geji. Ba tare da ya sani ba yana ɗaga ƙafa da wuri, ba ya fizgar mota daga tasha, ba ya tsere da na gabansa don ya riga shi fasinjan bakin hanya. Bambancin tuƙin gaggawa da na natsuwa a kan buɗaɗɗen titi yana kaiwa kashi 15 zuwa 30 cikin 100. Ragin na gaske ne, amma direban ne ya yi shi, kafur ya karɓi godiya. Bayan sati biyu ƙafa ta koma halinta, sai a ce kafur ɗin yanzu jabu ne.

Na biyu, ba a auna ba. Allurar geji ba mudu ba ce: daga cike zuwa rabi tana jinkiri, daga rabi zuwa ƙasa ta zube, in mota ta karkata a gefen titi ta nuna wani abu dabam. Yawancinku kuma ba cika tanki kuke yi ba, na dubu goma ne yau a gidan mai, gobe galan biyu a wurin 'yan bumburutu, kuma galan ɗin wani ba ya kai na wani. Ga hanyar ita kanta ba ta zama ɗaya. Da hunturu in ka nufi Maigatari da safe iskar arewa maso gabas kake sara, a dawowa ita ke tura ka. Wata Alhamis ka dawo da mutum shida da 'yan ƙullin kaya, wata kuma but a buɗe an ɗaure da igiya, buhunan riɗi uku da tumaki biyu a ciki. Da damina in ka sauka daga kwalta ka shiga ƙauye, giya ɗaya da biyu kake ta yi a cikin taɓo. Kowanne cikin waɗannan ya fi ƙarfin duk abin da cokali zai iya yi.

Abu biyu ne na zubawa da nake yarda da su, su ma ba don su ƙara auki ba. Akwai maganin wanke nozul na kamfani da ake sayarwa a kwalba a rufe. In nozul ya yi datti yana tsiyaya maimakon feshi, mai kyau daga cikinsu yana iya dawo da motar yadda take a da, ba ya wuce nan, kuma jabunsa ya cika kasuwa, gara ka kai a ciro nozul ɗin a wanke a kan na'ura kana kallo. Na biyu, in ɗan ruwa kaɗan ya shiga tanki, sifirit yana haɗe shi da fetur ya ƙone. In ruwan da yawa ne, sauke tanki kawai za a yi.

Yanzu ga inda man naka yake tafiya da gaske, kuma nan nake so ka sa kuɗinka da hankalinka.

Ka fara da tamostat. Kusan duk motar da ta shigo daga Kwatano, abin da ake fara yi mata shi ne a cire shi a jefar, wai na ƙasar sanyi ne, sannan a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da an murɗa makulli. Wannan al'adar ta cinye wa direbobin Kano da Jigawa man da ba shi da iyaka. An ƙera injin Golf ya yi aiki allurar zafi tana kan 90. Akwai wata 'yar na'ura a jikin injin da ke gaya wa kwakwalwar mota zafin ruwa. Muddin ruwan bai ɗau zafi ba, kwakwalwar tana ɗauka yanzu aka tayar da mota, sai ta ƙara sakin mai, daidai da ka ja cok a babur ka manta ba ka mayar ba. Da asubar hunturu, ba tamostat, fanka na ta kaɗawa, za ka iya zuwa Gujungu daga Gumel allurar ba ta bar ƙasa ba, duk tafiyar a kan cok ka yi ta. Ƙarin man kuma yana wanke silinda, ringi ya mutu da wuri. In motarka tana zafi da tamostat a ciki, ba shi ne ciwon ba: lagireto ne ya toshe da lakar ruwan rijiya, ko murfinsa ba ya riƙe matsi, ko famfon ruwa ya gaji, ko makunnin fanka ya mutu. A gyara wannan, a mayar da tamostat mai kyau. Ka sa a gwada shi a gabanka a cikin ruwan zafi a kan wuta: ya kasance a rufe, sai ruwan ya kusa tafasa ya buɗe.

Daga nan sai na'urar hayaƙi da ke ɗaure a salansa. Inji yana so iska ta ninka mai sau 14.7 a nauyi, kuma wannan na'urar ce ke gaya wa kwakwalwa ko an yi daidai. Sau da yawa garin fasa tukunyar salansa a cire abin nan da makanikai ke kira indomi a sayar, sai a tsinke wayarta ko a bar ta a mace. Kwakwalwa in ta rasa labari, ɓangaren yawan mai take karkata. Alamarsa: bakin salansa baƙi da kunkunniya, hayaƙi yana yaji a ido, fulogi huɗun duk baƙaƙe. Fulogin inji mai lafiya ruwan ƙasa-ƙasa yake, a bushe.

Taya kuma kullum ana raina ta. Duk awo ɗaya (na ma'aunin PSI) da iska ta ragu a tayoyi huɗu yana ƙara shan mai da wajen kashi 0.2 cikin 100, ƙarami ne a ido, amma motar haya da ke yawo da ragin awo goma ga lodi, ga zafin kwalta, ta haɗa asarar mai da haɗarin fashewa. Awon da ya dace da cikakken lodi yana rubuce a jikin motar, a murfin tanki ko ginshiƙin ƙofa. Ka sayi gejinka na aljihu, domin na mai faci sau da yawa bugun ƙarfe ne a jikin taya da kunne. A auna da safe kafin taya ta yi zafi. In kana ganin taya tana cinyewa ta gefe ɗaya, alaimen ya tafi, motar tana jan ƙafa. Bayan doguwar tafiya kuma ka zagaya ka kusanto da bayan hannunka ga kowane rim: wanda ya fi sauran zafi, birkinsa yana kamawa, kana biyan mai don ka ja birki.

Gudu shi ne babba a kan titi. Turjiyar iska ba a hankali take ƙaruwa ba: in gudu ya ninka, ita sau huɗu take ninkawa. Tsakanin 80 zuwa 90 a giya ta biyar nan ne Golf ta fi auki, a 120 kuwa ƙarin da take sha ya kai kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye, ga shi a gajeriyar hanya mintunan da ka ci ba su taka kara sun karya ba. Kaya a kan rufi ko but a wangale suna ƙara wannan turjiyar. Lodi na san ba za ka iya rage shi yadda littafi ya ce ba, da shi ake fitar da balas, amma barin inji yana aiki a tasha ana jiran cikon mutum ɗaya wannan a hannunka yake.

Injin ban ruwanka da babur kuwa, tunda kafireta gare su, matatar iska ce kan gaba. A motar injekta in ta toshe ƙarfi ne ke raguwa, kwakwalwa tana rage mai daidai da iskar. A kafireta ba mai ragewa, iska ta yi kaɗan, mai ya yi yawa. Da ƙurar rani a fadama, soson nan yana so a wanke shi a kai a kai, a matse, a ɗan shafa masa mai, ba a cire shi a yar ba. Ka duba tiyon da ke zuƙo ruwa kada ya riƙa shan iska ta mahaɗa, ka sauko da injin kusa da ruwa gwargwadon iko, kada tiyon turawa ya yi tsawo da lanƙwasa ba dalili, kuma ba dole sai totur yana ƙarshe ba. Manoma da yawa a Kura da Auyo da Haɗeja sun mayar da injunansu kan tukunyar gas ɗin girki, wasu sun koma sola. Wannan canza makamashi ne, kuma ribarsa tana bin farashin gas a lokacin da nisan wurin da za ka cika. In za ka yi, da kafiretar gas ta ainihi da tiyon gas za a yi, ba haɗin gambiza ba. Duk abin da ya shafi juye fetur kuma a fili za a yi shi, nesa da murhu da yara. Bayan gobarar tankar fetur da ta ci rayuka da dama a Majiya a watan Oktoban 2024, ba sai an yi wa mutumin Jigawa bayanin wutar fetur ba.

Kafin ka taɓa komai, ka auna motar. Na san cika tanki yana da nauyi a aljihu, amma sau ɗaya ne za ka ɗaure, daga nan abin da ka ƙone kawai kake mayarwa. Ka cika a gidan mai ɗaya, famfo ɗaya, har ya katse da kansa, ka rubuta lambar kilomita. In mitar ta mutu, wayar hannu mai taswira tana ƙirga tafiya. Ka yi aikinka na sati yadda ka saba, duk man da ka ƙara a hanya ka rubuta litarsa, ba kuɗinsa ba. Ka dawo famfon nan ka sake cikawa, ka raba kilomita da jimillar lita. Misali kilomita 400 da lita 44, ka samu 9 a lita. Ka maimaita sati uku ko huɗu don bambancin lodi da iska ya baje. Sannan ka gyara abu ɗaya, ka sake aunawa. In gyara ya ɗaga ka daga 9 zuwa 11, a wannan kilomita 400 ɗin lita 8 ce ta dawo aljihunka duk sati.

Golf 3 mai lafiya, da lodin haya a kan kwalta, ya kamata ta ba ka tsakanin kilomita 11 zuwa 13 a lita. In ka samu ƙasa da 9, akwai ciwo a jikinta. Ka rubuto mini da lambar da ka samu, da inda allurar zafi ke tsayawa bayan tafiyar rabin awa, da kalar fulogi huɗun a jere daga na ɗaya zuwa na huɗu, in gaya maka abin da za ka ce wa makanikinka ya fara kwancewa.